Ƙwan Inna a Farantin Ƙasa

Allon na'ura ya ce zafi daidai yake, amma tafin hannun Safiya ya ƙaryata shi. Farantin ƙasa na injin ƙyanƙyasa ya yi zau, ga ƙwan zabin da matan ƙauyen Kakau suka kawo yana dab da ƙyanƙyashewa. Kowace ta yi wa nata alama, wata da biro, wata da gawayi. Na Innarta ɗigon lalle ne, kuma Safiya da kanta ta tura shi can ƙasa, wai baƙi su samu wuri mai kyau, na gida ai ba ya fushi.

Nicholas, makanikin Kakuri da ya ƙera injin, ya durƙusa yana leƙe. "Hitar ƙasa ta ƙi mutuwa fa. In zare wuta?"

"Na sama su sandare? Buɗe ƙofar ƙasa ka yi ta fifita!"

Safiya ta janyo kwamfuta. Ita ta rubuta manhajar injin da harshen kwamfuta na C: ta jera ma'aunan zafi a jadawali, kowane faranti da layinsa, ta miƙa wa fankshan, wato sashen manhajar da ke kula da hita, tare da yawan layuka da faɗinsu. Ta bi rubutun sama da ƙasa, ba ta ga aibu ba. Tsoro ya kama ta sosai.

Sai ta sa na'urar ta nuna inda take ɗebo kowace lamba. Ashe kwamfaila mai fassara wa injin rubutunta, wadda ta zo da ɗan allon lantarki mai arha da ke cikinsa, ita ce 'yar banza! Ta watsar da faɗin, tana tsallake da yawan layuka. Kowane taki sai ya gaza, kafin a kai ƙasa zafin farantin tsakiya ake karantowa.

Safiya ta miƙar da jadawalin ya zama layi guda, ta rubuta lissafin da hannunta: layi sau faɗi, a ƙara gurbin ma'auni a layin. Ta loda wa injin. Hitar ta yi ƙas, ta mutu.

Washegari farantan sama suka cika da tsiyau-tsiyau, mata na ta kwasa ana guɗa. Inna ta shigo da kwandonta, har ta shimfiɗa tsumma a ciki.

"Nawa sun fara, 'yar nan?"

Safiya ta ɗauki ƙwai mai ɗigon lalle ta kara a kunne. Ba motsi. Ta ajiye, ta ɗauki wani.