Abin da Ƙwayoyin Suke Ci

Daren jiya wani mafarki ya zo mini. Na ganni a wurin aikin 'yata ta fari, wadda ta rasu cikin azumi. Da ranta ban taɓa zuwa ba. Ta dai ce mini tana nazarin wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani, masu fitar da wani ruwa mai jan ƙarfe a ciki, tana gwada abin da ruwan ke cinyewa da abin da yake bari.

Na yi ta sauka matakala har na kai bene na uku. Akuya ce a bakin ƙofa, da tabarau.

Ta ce, "Baba, wa kike nema?"

Na ce, "Yarinyar nan."

"Sunanta?"

"'Yar fari ce. Ba na faɗa."

Ta tauna takardar rubuta sunayen baƙi, ta ce in shiga da baya.

A ciki ƙwayoyin sun yi girman kaji, kowace da munduwar jan ƙarfe huɗu, sun jeru kan tabarma kamar matan gidan suna. 'Yata na tsaye cikin farar riga tana raba musu abinci.

Ta ce, "Inna, har yanzu rowar nan? Ko ƙuli ba ki riƙo mini ba."

Ta zuba musu shunin marina. Suka sha, ruwan ya koma fari tas. Ta rubuta. Ta ba su shayi, suka shanye jan suka bar ruwan. Ta miƙa gishiri, babbarsu ta kau da kai, wai likita ya hana.

Sai abin gwaji ya ƙare. Babbar ta matso ta lashi lallen hannunta. Lallen ya tafi. Sauran suka taso. Hannun ya koma kamar ruwa a kwalba, ina hango bango ta cikinsa. Ita kuwa rubutu take. "Wannan ma suna ci."

Na ce, "Ke, tashi daga nan!"

Ta ce, "Inna, abin da aka kira da sunansa ne kawai ba sa taɓawa. Na gwada sau uku."

Na ce, "Ta Gwaggo." Na ce, "Uwar ɗakina." Duk sunayen da na ɓoye a bayansu shekara talatin da ɗaya na kira.

Ta yi murmushi. "Ba su ne aka raɗa mini ba."

Sun kai wuya. Saura fuska. Na waiga ko da wani babba da zai ji, babu kowa sai akuyar, ita ma ta juya baya. Na buɗe baki. Sunan ya yi nauyi, sai da na sa hannu biyu na ɗago shi.

Injin niƙan maƙwabta ne ya tashe ni, gari ya waye. Sunan na bakina. Na ce, "Barira." Ƙarar injin ta danne, sai na sake faɗa da ƙarfi.