Neman Anas a Dutsen Kan Giwa

Umaru tela ne a Tudun Wada cikin Gusau, kuma kafin daminar 1998 bai taɓa hawa abin da ya fi katangar gidansu tsawo ba. Ƙanensa Anas ne ya kai shi kan dutse.

Anas shi ne ɗan bokon gidan. Shekarar da aka ba Zamfara jiha ya gama sakandare, kowa yana cewa aiki zai same shi har ƙofar gida. Sai ciwo ya riga aikin zuwa. Ya fara da yawan shiru, daga nan magana shi kaɗai, daga nan dariya a inda ba a dariya. An kai shi asibiti, an kai shi wurin malamai a Bungudu, ya sha rubutu har ya gaji. Ranar da ya ɗaga taɓarya a kan mahaifiyarsu Inna Dije, Umaru ya tafi wurin maƙeri aka ƙera mari, shi da kansa ya sa wa ƙanensa a ƙafa. Wata bakwai Anas ya yi a ɗakin baya. Wata safiya da aka cire masa don ya yi wanka, ya haura katanga, ba a sake ganinsa ba.

Bayan wata huɗu wani direban da ke zuwa kasuwar Tsafe ya tsaya a shagon Umaru. Ya ce makiyaya suna ganin wani saurayi a kan dutsen da suke kira Kan Giwa, can cikin daji bayan Kucheri, yana Turanci shi kaɗai. Washegari Umaru ya rufe shago.

A Kucheri aka nuna masa gidan Jatau, wani tsohon maharbi siriri mai furfura a gemu, wanda aka ce babu lungun dutsen da bai sani ba. Jatau ya saurare shi har ya gama, sannan ya dubi takalmansa na soso.

"Da waɗanga za ka hau?"

"Su gare ni, Baba."

"To. Kwana ukku na zuwa sama in ruwa ya bar mu. Inda na taka nan za ka taka. In na ce tsaya, ka tsaya."

Ranar farko tafiyar ƙasa ce. Suka ratsa gonakin gero da ya fi su tsawo, suka tsallake rafi biyu, na biyun ruwa har ƙirji, Jatau na gaba da sanda yana gwada zurfi. Da la'asar suka isa wata ruga a gindin dutsen. Wata dattijuwa mai suna Habiba ta dama musu fura, ta ce ita ce take ajiye wa saurayin nono a kan wani falalen dutse, in ta koma ta tarar da ƙwaryar an wanke an kife.

"Ba ya taɓa kowa," in ji ta. "Amma in ya hangi namiji sai gudu."

Umaru ya ajiye ludayin. A rugar suka kwana.

Rana ta biyu suka fara hawa. Daga ƙasa dutsen kamar dunƙule ɗaya ne, amma da suka shiga sai Umaru ya ga duwatsu ne a kan duwatsu, ka gama wannan wani ya tsaya maka a gaba. Ruwan sama ya sa ko'ina santsi. Kafin azahar takalminsa ɗaya ya tsinke, Jatau ya ce ya cire ɗayan ma. Umaru ya ci gaba da rarrafe, tafin ƙafarsa na tsagewa, birai na zaune a sama suna kallonsu. Sau biyu ya zauna ya ce ba zai iya ba. Jatau bai lallashe shi ba, ya dai jingina da sandarsa ya jira.

Hadari ya haɗo da yamma, suka fake a wani kogo. A ciki akwai toka mai sanyi da tarin ƙwallon kaɗanya da aka tsotse. A jikin bangon an yi rubutu da gawayi, lissafi layi-layi irin na makaranta. Umaru ya gane hannun. Yadda Anas ke ja wa bakwai sanda a tsakiya, haka yake tun yana firamare. Ya tsaya yana shafa bangon har gawayin ya ɓata masa yatsu.

"Nashi na?" Jatau ya tambaya.

Umaru ya gyaɗa kai kawai.

Da hantsi a rana ta uku suka fito saman dutsen. Fili ne shimfiɗaɗɗe, da kufan wani tsohon gari: rusassun katangun dutse, kukoki uku, da wani kwarmi da ruwan sama ya cika. Daga nan ana hango ƙasar Tsafe kore shar har inda ido ya ƙare. A bakin ruwan wani mutum na tsugune yana wanke fuska.

Jatau ya riƙe hannun Umaru. "Kak ka yi gudu. Zauna ƙasa, ka kira shi da sannu."

Umaru ya zauna. Ya ce, "Anas."

Mutumin ya juyo. Gashinsa ya cukurkuɗe, rigarsa ta zama tsumma, ƙasusuwan wuyansa sun fito. Amma idonsa a kwance yake, fiye da yadda Umaru ya gan shi cikin shekara biyu.

"Yaya," ya ce. "Kai na? Ƙahwarka na jini."

"Ba komi. Taho ka ci abinci."

Anas ya daɗe yana kallonsa. Ya sunkuya ya shafa idon sawunsa, inda marin ya bar baƙin tabo zagaye.

"Ka taho da ƙarhen?"

"Wallahi ban taho da shi ba."

Gaskiya ya faɗa, marin na gida. Anas ya matso kaɗan-kaɗan har ya zauna kusa da shi. Umaru ya ciro ƙuliƙuli da garin kwaki daga jakarsa, Jatau ya jiƙa garin. Anas ya ci da hannu biyu. Yana ci yana ba su labarin wurin, inda ake samun zuma, da biran da ke sace masa kaɗanya. Har dariya ya yi, dariya ta mai hankali. Umaru ya ce masa gida za su koma, za a share masa ɗakin gaba, babu wanda zai sake kulle shi. Anas bai ce a'a ba. Ya ce sai dai a bi ta hanyar gabas, ta fi sauƙi ga mai ciwon ƙafa.

Sai Anas ya jawo jakar don ya ƙara ƙuliƙuli. Hannunsa ya fito da igiya, sabuwa, mai kauri, irin ta ɗaure shanu. Umaru ya saye ta a tasha ranar da ya taso, yana cewa a ransa ko da za a buƙata.

Anas bai yi ihu ba. Ya dubi igiyar, ya dubi wansa, ya mayar da ita cikin jakar a hankali, ya miƙe.

"Anas, tsaya in gaya maka! Ta hawan dutse ce!"

Ya riga ya juya. Umaru ya zabura, ƙafafunsa da suka tsattsage suka ƙi ɗaukarsa, ya faɗi a gwiwa. Yana kallo ƙanensa ya tsallake wata tsaga mai zurfi kamar akuya, ya shige tsakanin duwatsun da ke bayanta.

"Can ko ni ba ni bi," in ji Jatau. "Da ka hwaɗa mani tana cikin jakka, da mun bar ta ruga."

Suka ƙara kwana ɗaya a kufan. Umaru ya yi ta kira har muryarsa ta dushe, babu amsa sai ta dutsen. Abinci ya ƙare. Ya ajiye rigarsa ta sama a bakin ruwan, ya danne da dutse, suka sauko.

A gida Inna Dije ta saurari labarin duka, ban da zancen igiya, don Umaru ya kasa faɗa. Ta tambaye shi ko yaron ya rame, ya ce kaɗan. Ta tambaya ko yana sallah, ya ce bai gani ba.

"Ya tambaye ni?"

Anas bai ambace ta ba ko sau ɗaya. Umaru ya ce, "Ya tambaye ki, Inna."

Da kaka ya sake komawa shi da Jatau, suka kwana huɗu a sama ba su ga kowa ba. Ruwan kwarmin ya ƙafe. Da suka sauko, makiyayan ma sun tashi sun yi kudu da shanunsu, babu wanda za a tambaya. A karo na uku Jatau ya ce gwiwoyinsa ba za su ƙara kai shi ba, kuma a duk Kucheri ba a sami wani da ya san hanya ba. Umaru ya wuni zaune a bakin titi yana hangen dutsen daga nesa, da yamma ya tari motar Gusau.