Ohaj Ya Ɗauke Tsanin

Kwana tara jirgin Alhaji Bamkar yana kan tudu a bakin tekun Sawakin, an tokare shi da guma-gumai hagu da dama, an shafe cikinsa da man kifi har yana sheƙi. Gobe za a tura shi ruwa. Sai ga igiyar ƙyallen da iska ke tura jirgi da shi ta maƙale can ƙolin jigo, dogon itacen nan na tsakiyar jirgi.

Alhaji ya ɗaga kai, ya dubi Ohaj, wanda shekara ashirin shi ke hawa masa jigo.

"Bismilla, hau ka warware."

"A tudu? Wallahi ba ni hawa."

"Kai da ka hau cikin guguwa!"

"A ruwa ne, Alhaji. Jirgi in ya karkata a ruwa, dawowa yake. Nan fa? Gungume ɗaya ya zame a kan man nan, shi ke nan. A bari ya shiga ruwa, kafin shayinka ya huce na gama."

Ina! Alhaji ba ya son a ga jirginsa ya shiga teku da igiya a cukurkuɗe, 'yan gulma na kallo. Ya yi tsaki.

"Tsufa ne ya zo, ka ce mana tsoro kake ji. Onur! Zo ka nuna wa yayanka."

Onur ƙanen Ohaj ne, mai 'ya'ya huɗu, bana ya samu shiga jirgin da ƙyar. Ya tuɓe takalma, bai yarda sun haɗa ido da yayansa ba.

Zuciyar Ohaj ta tafasa. Tsani ɗaya ne tak ake hawa jirgin da shi daga ƙasa. Ya fizge shi, ya saɓa a kafaɗa, ya kama hanyar gari.

"Tsanina ne!" in ji Alhaji. "In ka wuce rumfar nan, kada in ƙara ganin ƙafarka a jirgina!"

Ohaj ya wuce rumfar, ko waiwaye bai yi ba. Ya san aikin ya tafi, kuma abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Onur ya biyo shi da gudu ba takalmi, yashi na ƙona shi.

"Yaya, ka kunyata ni gaban mutane! Ka mai da ni yaro! Allah ya isa!"

"Ƙara," in ji Ohaj, bai sassauta tafiya ba. "Zage ni da kyau. Zagin nan ya fi mini sauƙi da in tsaya a ƙofar gidanka ina neman abin da zan gaya wa matarka."