Tagar Bai Trifon

"Ku ajiye maganar fentin matakala tukuna," in ji Bai Trifon, wato Baba Trifon a yadda muke kiran dattijo a nan. "Akwai mai kashe ni a gidan nan, a hankali yake yi."

Muna tsaye ne a gindin matakala inda muke taron gida, kowa ya dunƙule cikin rigar sanyi. Mincev, wanda muka zaɓa ya riƙa kula da harkar ginin, ya dube shi ta saman tabarau.

"Wane shafi ka kai, Bai Trifon?"

Aka kwashe da dariya. Jivko, yaron da ke zaune a hawan da ke saman na Trifon, shi ya fi kowa, har da dukan ƙarfen matakala.

"In dai ni ne, Bai Trifon, ka faɗa mini da wuri in aske gashin baki in gudu."

"Ban cire ka ba," in ji Trifon, ko murmushi bai yi ba. "Ban cire kowa ba."

Ni ban yi dariya ba. Ƙofata da tasa suna kallon juna tun matarsa tana da rai, kuma ban taɓa jin mutumin nan ya yi ƙarya ba. Na ce musu dattijo ya ce ba shi da lafiya, ku kuna washe baki kamar an kawo muku wasan kwaikwayo. Mincev ya ce mini, "To, Lelya Spaska, mun ji," wato Inna Spaska, ya koma kan fenti. An tashi taron nan an yarda a kan koren fenti.

Trifon mai gadin mahaɗar jirgin ƙasa ne a bayan gari har ya yi ritaya. Jirage ba yawa, zama da yawa, a can ya kamu da karatun littattafan kisa. Ni ban taɓa ganin abin sha'awa a babban mutum ya zauna yana murna an tsinci gawa a ɗakin da aka kulle ta ciki ba, kuma na sha faɗa masa. Amma bai taɓa cutar kowa da su ba. Wasu mazan ginin nan giyar rakiya suke sha har su kasa gane ƙofarsu, ba wanda ya ce sun haukace. Shi Asabar ta yi ya tafi kasuwa wurin mai shimfiɗa tsofaffin littattafai a kan mota, ya ba da biyu ya karɓo biyu, ya dawo ya zauna a bencin tsakar gida yana karatu. Sai ka ji ya bugi gwiwarsa yana cewa, "Ɗan banza, ashe kai ne." Iyakar laifinsa ke nan.

Washegarin taron na gasa banitsa, wainar fulawa mai cuku, na kai masa. Na tarar da shi a kicin, murhun ƙarfe yana ci, taga kuwa a buɗe, a tsakiyar hunturu.

"Trifon, so kake iska ta shanye maka rabin fuska? Rufe tagar nan."

"Bar ta, maƙwabciya. Zauna."

Ya gutsuri banitsar ya ajiye wa kyanwarsa a bakin ƙofa. Ya tsaya yana kallonta har ta cinye ta lashe baki.

"Ni ma ina ciki ke nan?"

"Kada ki ji haushi. Wanda ba a zata ba, shi ne kullum."

"Da zan kashe ka, da muciya zan yi, kowa yana kallo."

"Shi ya sa kike can ƙasa a cikin waɗanda nake zargi," ya ce, sannan ya ci.

Ya zayyana mini abin dalla-dalla. In yana ɗaki kansa ya yi nauyi, zuciyarsa ta riƙa tashi, ƙafafu su yi sanyi. In ya sauka benci, kafin ya gama babi ɗaya ya warware. Kyanwar ma ta daina kwana a ciki, sai a kan tabarmar ƙofa. Ya daina shan ruwan famfo, ya zubar da sukari, ya canza gishiri. Duk da haka abin bai bari ba. In ya buɗe taga ne kawai yake samun sauƙi.

"Ke nan ba a abinci ake sa shi ba," ya ce, yana ɗaga yatsa. "Mai wayo ne."

Na zauna da shi har rana ta karkata, ina ta jan mayafi saboda iskar. Da na ga ya shiga bayi sai na tashi na tura tagar, don ni ma ɗiyar garin nan ce, na san abin da iskar taga ta yi wa wuyan mijina. Ba a jima ba na ji kamar an ɗaure mini goshi da igiya. Na fita na tsaya a matakala, ya sake ni. Na yi aiki a gidan gasa tattasai shekara da shekaru, na san yadda kai yake yi in wuta ba ta shaƙa da kyau.

Na koma na buɗe tagar da kaina na ce, "Trifon, murhunka ne. Hayaƙin ba ya tafiya inda ya kamata. Kashe shi, ka ɗauko bargo ka dawo ɗakin ɗana, ba kowa a ciki."

Ya dubi murhun kamar na zagi abokinsa.

"Murhun da na yi rabin rayuwata da shi? Me ya sa sai bana?"

"Ina ruwana da me ya sa. Tashi mu je."

"In ma ta nan ne, wani ya taɓa shi. Spaska, tun ina saurayi nake karanta abin nan a takarda, yau ya zo har ɗakina, ki ce in kwashe bargo in gudu? Ki bar ni in kama shi."

Idonsa har ƙyalli yake yi. Mutum ya rame, leɓe ya bushe, amma ban ga yana jin daɗin duniya haka ba tun rasuwar matarsa. Na so in mare shi. Abin da na samu daga wurinsa shi ne alkawarin ba zai rufe tagar ba.

Na sauka wurin Mincev na ce a kira mai share bututun hayaƙi ya hau rufi.

"An share bara."

"Bara ba bana ba ce. Na zauna a ɗakin nan, kaina ya yi ciwo."

"Au, ke ma kin fara karatun?" Ya juya cikin gida. "Ji, Lelya Spaska ma ta shiga aikin ɗan sanda."

Ya ce rufi ya yi santsi, kuma irin wannan sai an yi taro, kuma an riga an yi na wannan wata. Na hau wurin Jivko, tun da bututun ta bangonsa ya bi. Bai bar ni na wuce bakin ƙofa ba, wai daɓen gidan sabo ne, takalmina da laka.

"Lelya, bututu lafiya lau. Ni na yi gini a Spain, na san aikina. Tsohon nan tagar da yake bari a buɗe ce take cinye masa kai."

Maganar da kowa ya kama ke nan. Daga mai shagon burodi har matan benci, kowa ya zama likita: mutum yana kwana iska tana ratsa shi, ba dole kansa ya yi ciwo ba? Ga kuma littattafai sun cika masa ƙwaƙwalwa da guba da wuƙa.

Ban da wata dabara, sai na kira 'yarsa Veneta da ke aure a ƙetaren gari. Ta zo ta kai shi asibiti, ta dawo tana huci. Likita ya gwada jininsa, ya tambaye shi me yake karantawa kafin barci, ya yi dariya, ya rubuta masa ƙwayar kwantar da hankali. Abin da ya fi ƙona mata rai, a gaban likitan uban ya ce ita ma bai cire ta ba, tun da ita za ta gaji gidan.

"A gaban mutane, Tate," ta ce wa uban nata. "Ni da nake wanke maka zanin gado."

"Ba wai na ce ke ce ba, 'yata. Ƙa'ida ce, sai an duba kowa."

Na ja ta gefe na ce ta bar zancen zargi, shirmen tsufa ne, ta sa a duba murhu. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Lelya Spaska, ke kike zuga shi. Ke kika ce ya bar taga a buɗe. Ba ni makullin gidansa da ke wurinki."

Yarinyar da na goya ranar da aka kai uwarta haihuwar ƙaninta. Na ciro makullin na sa mata a tafin hannu.

Ranar Lahadi na tafi ƙauye, ana addu'ar cika arba'in ta yayata, ba yadda zan ƙi. Kafin in fita na ƙwanƙwasa masa. Yana zaune da hula da safar hannu kusa da tagarsa, littafi a buɗe.

"Na kusa, maƙwabciya," ya ce. "Ki kawo mini dafaffiyar alkamar sadaka, mai zabibi da yawa."

Abin da ya faru a bayana, su da bakinsu suka ba ni labari, suna ganin sun yi abin kirki. Veneta ta zo da auduga da takarda. Matar Mincev ta dama mata kullun fulawa. Suka cusa auduga a kowace kafa, suka liƙe tagogin kamar yadda ake yi kowace shekara, har da na ɗakin kwana. Don kada ya buɗe, Jivko ya sauko da sukundireba ya kwance hannun tagar, Veneta ta jefa a jaka. Littattafan kuma suka loda a buhu suka kai ɗakin ajiya na ƙasa, wai kansa ya huta. Ta cika masa murhu da itace, ta ba shi ƙwayarsa, ta sumbaci goshinsa ta tafi. An ce bai yi gardama sosai ba. Abin da ya roƙa kawai a bar masa wanda yake tsakiyar karantawa. Ba su bari ba.

Motar safe ta sauke ni ranar Litinin. Tun daga tsakar gida na ɗaga kai na ga farar takarda ta zagaye tagarsa. Na yar da jakata na hau. Kyanwar tana kan tabarma tana kuka. Na buga, na kira, shiru.

Mincev ya fito da cokali a hannu.

"A fasa ƙofar nan," na ce.

"Ƙofar mutum? Ba ni da wannan iko. A kira 'yarsa. Barci yake yi, an ba shi magani."

Na shiga gidana na ɗauko gatarin faskare. Ina da shekarun da gwiwa ba ta son matakala, amma ƙofar ba ta yi mini gardama ba.

A bayan ƙofar ya barbaɗa fulawa a ƙasa, siririya, daga bango zuwa bango, yadda duk wanda ya shigo sai ya bar sawu. Ba sawun kowa a kai. Shi kuma ya jawo kujera ya zauna yana fuskantar ƙofa, ƙarfen tona wuta a kan cinya, tabarau a hanci, kansa ya ɗan karkata. Kumatunsa jajir kamar mai lafiya. Na taka fulawar na wuce na kai wa gilashin tagar gatari, amma hannunsa ya riga ya yi sanyi.

'Yan kwana-kwana suka zo, ɗayansu ya hau rufin nan da aka ce ya yi santsi, ya zura igiya da ƙarfe a bututu. Ba ta yi nisa ba ta tsaya. Suka shiga gidan Jivko da takalmansu, laka da komai, suka ja sabon kabad ɗin kicin. Ashe da rani Jivko ya fasa bututun ya rage masa ciki don kabad ya zauna daidai, ɓaraguzai suka zube ciki, ya shafe da siminti.

"Na zaci ba mai amfani da shi," yake ta faɗa. "Wa yake hura itace yanzu?"

Kullum a gabansa Trifon yake hawa da itace a kwando.

Ɗan sandan ciki ya zo, na gaske, wanda Trifon ya yi marmarin gani duk rayuwarsa. Yaro ne mai mura, yana ta jan hanci, bai ko dubi fulawar ba. Ya tambayi ko marigayin ya taɓa yin ƙorafi. Sai ga Mincev ya matso.

"Ya ɗan ambata. Mun sa maganar a taro mai zuwa."

"Kore aka zaɓa," na ce wa ɗan sandan. "Rubuta. Dattijo ya ce yana mutuwa, suka zaɓi kore."

Bai rubuta ba. Veneta tana zaune a matakala, jakarta a ƙirji ta ƙanƙame, ba ta kuka. Ita ban ce mata komai ba. Har yau ban ce ba.

'Yan kwana-kwana suka ba da umarni a kashe duk murhun da ke ginin, a buɗe kowace taga da kowace ƙofa, kowa ya fita. Muka tsaya a tsakar gida cikin dusar ƙanƙara har aka sauko da shi. Da motar ɗaukar gawa ta fita, na ji matar Mincev tana ce wa ta kusa da ita iskar nan za ta kwantar da mutane, ta lallaɓa ta shige. Can sai tagarsu ta rufe. Ta kusa da ita ma ta rufe. Kafin inuwa ta kai benci duk sun rufe, ɗaya bayan ɗaya.

Ta Trifon ce kaɗai ta rage, tun da ba gilashi kuma 'yan sanda sun ɗaure ƙofar. Labulen yana fitowa yana komawa, ƙanƙara tana taruwa a hankali a bakin tagar.