Kwatancen Kabarin Saani

Abdul-Fatawu yana tsaka da saran naman akuya a bayan kanta sai Hajiya Adjara, mai shagon, ta sake danna saƙon muryar 'yarta, karo na uku ke nan tun safe. Ta ƙure ƙarar wayar, ta jingina ta da galan ɗin manja, don matan nan biyu da suka shigo sayen daddawa da busasshen kifi su ji da kunnensu.

Zalia ce ke magana daga Quito, babban birnin Ecuador, inda ta sauka jiya ita kaɗai da jakar goyo wadda ta kusa kai tsawonta. Rabin zancen Turanci ne, rabi kuma irin Hausar nan ta yaran da aka haifa a nan Staten Island ta Amurka, wadda sai ka yi haƙuri kafin ka kama ta. Ta ce garin a kan dutse yake, taku ashirin za ka yi numfashinka ya ƙare. Ta ce rana tana ƙuna, amma da ka shiga inuwa sai sanyi ya ratsa ka. Duk inda ta waiga alade ne a kan wuta, har ta ga ana gasa wata dabba mai kama da gafiya, haƙoranta a waje. Direban tasi ya zagaya da ita unguwa ɗaya sau biyu, wata tsohuwa a bas ta shafa mata ɗankwali ba ko sallama, mai masauki kuma ya ce ta riƙa rataya jakarta a gaba saboda masu yankan aljihu. Tana lissafa duk wannan tana dariya.

"Mma, garin nan bai so na, yana kora na, amma ni ina son shi."

Matan suka riƙe baki. Ɗaya ta ce ita dai ba ta taɓa jin inda ɗiya mace ta goya jaka ta shiga duniya ba, ba aure ba, ba karatu ba, kallo kawai. Ɗayar ta ce laifin Amurka ne, amma idonta a kan Hajiya yake. Hajiya ta ɗaure musu kifinsu ta miƙa musu. Kowa a unguwar Park Hill ya san ita kanta mako biyu ta yi ba ta amsa gaisuwar Zalia a kan tafiyar nan.

Abdul-Fatawu ya ci gaba da sara da ƙarfin da ya fi ƙarfin ƙashin. Haushi yake ji, kuma ya san dalili. Shekara shida da suka wuce shi ma ya sauka a garin da jakar goyo, amma ba kallo ya kai shi ba. A lokacin ɗan Ghana yana shiga Ecuador ba biza, daga nan sai mota zuwa Colombia, sai daji a ƙafa, sai ƙasa bayan ƙasa har bakin iyakar Amurka. Abin da ya gani a Quito bai wuce tashar mota da ɗaki mai sanyin ƙasa ba, sai idanun mutane da ke bin sa kamar ya zo sata. Yau ga 'yar gata mai shuɗin fasfon Amurka ta je tana ɗaukar hoton duwatsu, an cuce ta a tasi ma abin dariya ne a wurinta.

Da matan suka fita, Hajiya ta ce ya wanke hannu ya zo. Ta ce masa ba haka kawai ta sauko ta yafe wa Zalia ba. Sai da aka faɗa mata sunan garin sau biyu sannan ta gane ko ina ne, kuma a wurinsu matafiyi ba ya tashi ba a ɗora masa saƙo ba.

"Na ce ta je kabarin kawunta Saani. Ta zuba ruwa, ta karanta Ƙulhuwallahu, ta ɗauko min hoto. Shekara shida ban san inda ƙanena yake kwance ba. Bayan Azahar za ta kira, sai ka yi mata kwatance."

Abdul-Fatawu ya ci gaba da goge hannunsa da ya riga ya bushe.

Saani ƙanen Hajiya ne, abokinsa tun suna buga ƙwallo a lungunan unguwar Nima can Ghana, kuma tare suka sauka a Quito. A kwana na uku tari da zazzaɓi suka kama Saani, leɓɓansa suka yi baƙi, ƙirjinsa yana ƙara idan ya ja iska. Mai jagorar hanya ya ce motarsu da safe za ta tashi kuma ba a jiran kowa. Abdul-Fatawu ya ajiye burodi da gorar ruwa a gefen katifa, ya yi wa matar gidan bayani da hannu, ya sauko daga bene Saani yana barci. Bai tashe shi ba, domin ya san idan suka haɗa ido ba zai iya tafiya ba.

Wayarsa a wani kogi ta faɗa. Wata takwas ya yi tsakanin daji da gidan tsare baƙi kafin ya iso Park Hill, kuma a duk watannin nan Hajiya ba ta ji ɗuriyar ƙanenta ba. Ta tare shi a bakin ƙofa ta tambaye shi ina Saani. Ya sunkuyar da kai, ita kuwa ta ɗauki sunkuyawar a matsayin amsa, ta yi salati. Da ta natsu sai ta yi tambayar da kowa ke yi wa mai kawo labarin rasuwa, ko an yi masa sutura. Ya ce an yi.

Daga wannan kalma ɗaya ya samu ɗaki, ya samu aiki, ya samu suna a masallaci, mutumin da ya tsaya wa abokinsa a ƙasar da ba a kiran salla. Duk shekara idan an yi sadaka sai a ce ya ba da labari, shi kuma ba ya iya maimaita abu ba ƙari. A shekara ta biyu maƙabartar ta hau gefen dutse. A ta uku mutum bakwai suka yi salla, wani Balarabe ya ja su. Bara har bishiya ta tsiro a wajen kan mamacin.

Ya gwada kaucewa. Ya ce sunayen titunan da yarensu ne, sun ɓace masa. Hajiya ta ce Zalia tana da taswira a waya, dutsen da bishiyar ma sun isa. Ya ce ai mace ba ta shiga maƙabarta. Ta ce ta riga ta tambayi malam, ya ce in babu kuka da kururuwa ba laifi. Ta faɗi haka fuskarta a sake, har da murmushi.

Bayan an idar da Azahar bai koma shago kai tsaye ba. Ya tsaya ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa ta Stapleton ya kira Zalia da kansa. Ko amsa gaisuwarta bai gama yi ba ya hau ta da faɗa. Ya ce unguwar maƙabartar ba wurin zuwa ba ce, a kan waya kaɗai ana soke mutum. Ya ce ta san me ake nufi da wahalar garin nan, ita da ke kwana a gado mai bargo biyu? Ta je ta kalli duwatsunta, ta ci abin da za ta ci, in uwarta ta tambaya ta ce ta nema ba ta samu ba.

"Kawu Fatawu, so kake in yi wa Mma ƙarya?"

Ya ce ba ƙarya ba ce, tausayi ne.

Muryarta ta sauya, dariyar safe ta tafi. Ta ce ita ba ta zauna jiran kwatancensa ba, tun da hantsi ta nemo masallacin garin. Ta tarar da wani dattijo wanda ya fi shekara ashirin yana wankan gawa a wurin. Dattijon ya shaida mata cewa Musulmi ba su da yawa a can, duk wanda aka binne ya san shi da suna, kuma bai tuna wani ɗan Ghana a shekarar ba.

"Ya ce ko da wani suna aka binne shi. Wane suna kuka ba su, Kawu?"

Ya kashe wayar. A wannan lokacin ya tsani yarinyar nan da jakarta da taswirarta, tsana ta gaske, har ya ji kunyar kansa. Ya kalli hanyar da ta nufi tashar jirgin ruwa. Yana da wani ɗan unguwarsu a Bronx wanda zai ba shi wurin kwana ba tambaya. Ya yi minti goma a tsaye, jirgi ya wuce ta samansa har sau biyu, sannan ƙafarsa ta mayar da shi shago.

Wayar Hajiya tana kan kanta a buɗe, Zalia tana kan layi. Da gani ba ta faɗa wa uwarta komai ba, ta bar masa. Hajiya ta samo biro da bayan kwalin magi, ta sa tabarau. Ta ce ita ma za ta rubuta, domin in Allah ya ba ta iko baɗi da ƙafarta za ta je.

"To, ga shi ya zo. Fatawu, bismillah."

Ya buɗe baki da niyyar fara hawa dutsen nan kamar kullum. Ya kalli bakin biron da ke jira a kan kwali, sai ƙaryar ta ƙi fitowa.

"Hajiya, babu kabari. Ban binne Saani ba. A ɗaki na bar shi yana barci, na bi mota."

Zalia ta faɗi wata magana da Turanci a hankali, Hajiya ba ta kula ta ba. Ta cire tabarau ta ajiye.

"Da ransa?"

"Da ransa."

"To wa ya gaya maka ya rasu?"

"Ba wanda ya gaya min."

Hajiya ta zauna a kan buhun shinkafa. Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta fara magana kamar da bango take yi. Ta ce sun yi wa Saani sallar ga'ib a masallatai biyu. Ta ce matarsa ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, ta yi wani aure a Kumasi, har ta haihu. Ta ce mahaifiyarsu ta rasu tana sa wa Abdul-Fatawu albarka.

Ya kwance rigar aikinsa ya ninke, ya ciro makullin ɗakin da ta ba shi ya ɗora a kan kanta. Bai san abin da ya rage ya yi ba ban da wannan.

"Ina za ka? Zauna," in ji ta. Ta jawo wayar kusa da bakinta. "Zalia, bar zancen maƙabarta. Zai faɗa miki gidan. Ki hau mota yanzu, kuma kada ki kashe wayar nan."

Ta tashi ta kulle ƙofar shagon daga ciki.

Wannan kwatancen bai ɓace masa ba ko kaɗan. Tashar motocin arewa, a fita ta ƙofar baya, a haura layi na biyu. Akwai gidan burodi a kwana, da kantin magani a gabansa, sai gida mai bene ɗaya da koriyar ƙofa ta ƙarfe. Ya faɗa tiryan-tiryan ba gargada, Hajiya tana kallonsa, tana jin yadda wannan bai yi kama da labarin da ta saba ji ba.

Suka zauna kusan minti arba'in, wayar tana tsakaninsu. Suna jin hon ɗin motocin Quito da rediyon direba. Wani mai sayen doya ya zo ya leƙa ta gilashi, ya bubbuga, ya gaji ya tafi. Hajiya tana jan carbi, ba ta ƙara duban inda Abdul-Fatawu yake ba.

Can Zalia ta ce ta sauka. Gidan burodin yana nan, kantin maganin ya koma shagon waya. Suka ji takunta a kan hawa, ta tsaya ta tambayi wani, ta ci gaba.

"Mma, ga koriyar ƙofar."

"Buga."

Suka ji ƙarar ƙarfen sau uku, sannan kare ya yi haushi, wani ya fara jan sakata daga ciki. Abdul-Fatawu ya ɗaga hannuwansa zai yi addu'a, sai ya tsaya da su a buɗe, domin bai san wanne zai roƙa ba, a ce Saani yana raye ko a ce ya mutu.