Kibiyoyin Malam Lirwanu

Ranar da Habsu ta fita takaba, ta ɗauki littafin mijinta ta koma shagon buga takardu da take aiki a bakin kasuwar Gummi. Rubutun hannu ne, shafi tamanin, darussan lissafi da marigayi Malam Lirwanu ya tsara wa 'yan sakandare. Abokin aikinsa Malam Sanusi ya ce in ta buga kafin jarrabawa zai raba wa ɗalibai. Ita kuma ta yi wa kanta alkawari: yadda ya rubuta haka za ta buga, ko ɗigo ba za ta sauya ba.

Habsu ba ta san lissafi ba, amma ta san mijinta, mutum mai tsirfar tsiya. Kafin ya sa biro sai ya ninke shafi a tsaye, ya buɗe, sannan ya jera kibiyoyi a kan karin ninkin, kowace a ƙarƙashin 'yar'uwarta. Kibiya ce ke kai ɗalibi daga wannan mataki zuwa na gaba, kuma yakan ce in ta kauce, idon yaro ya kauce. Ita kuwa takan ce da haka yake jera takalmansa a ƙofar ɗaki, da ta huta.

Kwamfuta ba ruwanta da ninki. Da farko Habsu ta riƙa tura kibiyoyin da maɓallin tazara, suka yi kyau a ido, amma da takarda ta fito sai ga su a warwatse kamar kajin da aka watsa wa tsaba. Kwana biyu tana masifa ita kaɗai. Daga baya ta zana tebur mai gida-gida a kwamfutar, ta ba kibiyoyi gidansu daban, ta ɓoye layukan. Kowane shafi ya fito sai ta ninke shi a tsaye ta duba. Sau da yawa takan juya ta nuna wa mijinta, sai ta ga kujerar masu jira babu kowa. Kewarsa ta fi damunta a irin wannan lokaci.

A shafi na sittin da ɗaya wata kibiya ta sauka daga ninkin. A na gaba guda uku suka kauce, a na saba'in kuwa jelarsu har rawa take. Malam yakan sa kwanan wata a kowane shafi. Na sittin da ɗayan na watan Mayu ne, alhali sai Satumba ya kwanta, bayan kwana uku ya cika. Kowa ya zo gaisuwa ta ce masa ciwon farat ɗaya ne.

Da Malam Sanusi ya leƙo ganin inda aiki ya tsaya, ta tura masa littafin.

"Malam, duba wanga shafi. Mi ya samu hannunai?"

"Tun Mayu alli ke suɓuce mai. Mu munka riƙa yi mai rubutu ga allo. Shi yac ce kada a hwaɗa miki."

"Ni da ke kai mai tuwo da hannuna, ban gani ba?"

"Ki yi haƙuri, Habsu. Ki buga su yadda kinka gan su, yara ba su lura."

Ya tafi. Haushi ya kama ta, na mijinta da na kanta duka, ta yi kuka har ta gaji. Saura shafi ashirin, ga alkawarinta, ga kuma mutumin da bai taɓa yarda yaro ya ga kibiyarsa a karkace ba.

Ta share ido ta jawo kujera. Ɗaya bayan ɗaya ta mayar da kibiyoyin gidansu. Da shafi na tamanin ya fito ta ninke shi, ta buɗe, duk suna kan kari. Wannan ta ajiye wa Malam Sanusi. Na hannun kuwa ta naɗe shi a mayafinta ta tafi da shi gida.