Babin Da Ruwaida Ba Ta So Rubutawa

Ruwaida ta zo Greensboro a 1994 don yin digiri na biyu a adabin Turanci. 'Yar Funtuwa ce, a Zariya ta yi digirin farko, kuma a can ne ta kamu da son tsofaffin waƙoƙin Ingila, irin waɗanda limaman coci suka rubuta shekaru aru-aru da suka wuce, suna kai kukansu ga Ubangiji a cikin baiti. Ta haddace da yawa daga cikinsu. A kansu take so ta rubuta kundinta na digiri, kuma su ne suka kawo ta Amurka.

Mai ba ta shawara a sashen wata Baturiya ce mai fara'a, Dakta Christy. Ranar da Ruwaida ta kai mata batun, sai da ta saurare ta har ƙarshe, tana gyaɗa kai.

"Yana da kyau," in ji ta. "Amma an yi rubutu a kan mutanen nan har an gaji. Ke kuwa kina da abin da babu wanda ke da shi a sashen nan. Me zai hana ki yi a kan marubuta mata na Afirka?"

"Ina karanta su, ina kuma jin daɗinsu," in ji Ruwaida. "Amma ba su nake so in nazarta ba."

"Ki dai yi tunani. Muryarki muke bukata."

Ruwaida ta fito ranta a ɓace. Haka ake yi mata a aji. Da zarar an ambaci Afirka, ko da a ce ƙasar da ba ta taɓa takawa ba ce, sai kowa ya juyo ya zuba mata ido. In kuwa ta ɗaga hannu za ta yi magana a kan ma'aunin wata waƙa, sai a yi mata murmushi a wuce.

A gida ma ba ta tsira ba. Tana zaune ne da Liyatu, wata 'yar Jos da ke aikin jinya, a wani rukunin gidaje kusa da titin Wendover. Wata Asabar suka je suna a gidan Alhaji Hudu, dattijon da ya fi kowa daɗewa a garin cikin Hausawa. Yana miƙa mata lemo ya tambaye ta me take karantawa.

"Adabin Turanci, Baba."

"Turanci? Ashe ba ki iya ba kika zo?"

Aka yi dariya. Ta yi ƙoƙarin bayani, amma kafin ta kai ƙarshe ya riga ya fara ba ta labarin ɗansa da ke karatun kwamfuta.

A mota, suna dawowa, ta amayar wa Liyatu duk abin da ke cikinta.

"Su can suna ganin ban isa in taɓa waƙoƙinsu ba, namu kuma suna ganin ɓata lokaci nake yi. To ina zan sa kaina?"

"Duk sashen naku babu wanda ke koyar da waƙoƙin?" Liyatu ta tambaya.

"Akwai wani tsoho, Farfesa Kirkman. Ba ya shigowa sosai, an ce ritaya zai yi. Na bar masa saƙo wajen sakatariya har na gaji."

"A ina yake zaune?"

"Pleasant Garden. Kuma bas ba ya zuwa can."

"Ni ina zuwa," in ji Liyatu. "Ki kira shi a gida. In ya ce ki zo, ranar da ba ni da aiki sai in kai ki."

Da ƙyar Ruwaida ta iya ɗaga wayar, don a ganinta rashin kunya ne ɗaliba ta kira malami a gidansa. Amma ya amsa, ya ce ta zo.

Sun ɓata hanya kafin su gano gidan, domin gidajen can kowanne yana can nesa da titi a tsakiyar fili. Suka tarar da shi yana share busassun ganye a gaban gida, sanye da tsohuwar rigar sanyi. Liyatu ta zauna a mota, shi kuma ya nuna wa Ruwaida kujera a baranda.

Ya tambaye ta wace waƙa ta fi so. Ta faɗa masa, ta kuma karanto ta da ka. Tsohon ya jingine tsintsiyarsa ya zauna. Ya ja ta da tambayoyi, ta amsa, har suka yi gardama a kan wata kalma guda, ya shiga ciki ya ɗauko littafi, suka duba tare. Tun da ta zo ƙasar, ranar ce ta farko da ta ji an yi mata magana a matsayin ɗalibar abin da ta zo karantawa.

"Kin san su sosai," ya ce. "Da shekara biyar baya kika zo, da na karɓe ki hannu bibbiyu. Amma wannan zangon ne na ƙarshe gare ni, kuma an riga an ce ba za a ɗauki wani a gurbina ba. Abin da zan iya shi ne in karanta miki, in sa hannu a matsayin na biyu. Jagora dole Christy ce."

"Ita kuwa ba ta so."

"Zan yi mata magana."

Ya cika alkawari. Dakta Christy ta amince, amma da sharaɗi: a cikin kundin dole a sami babi guda da zai bayyana yadda mace Musulma 'yar Afirka take karanta waɗannan waƙoƙi.

"Ni yadda kowa ke karantawa nake karantawa," in ji Ruwaida. "Daga hagu zuwa dama."

Dakta Christy ta yi dariya sosai, ta ce irin wannan barkwancin ma ya kamata ya shiga babin.

Babu yadda ta iya. Babi uku ta rubuta a kan waƙoƙin, ta kwashe damina da rani a laburare tana bin su baiti-baiti, Farfesa Kirkman yana mayar mata da shafuka cike da jan biro. Na huɗun ta bar shi sai ƙarshe, ta rubuta shi a gurguje, tana tsaki. Ta sa labarin makarantar allo da ta yi tana yarinya, da yadda hadda ta saba mata da jin kiɗan kalmomi. Gaskiya ne duka, amma ba abin da ta ƙetare teku don ta faɗa ba ne.

Ranar kare kundin, malamai uku suka zauna a gabanta: Dakta Christy da Farfesa Kirkman da wani malami. Tsohon ya yi mata tambaya ɗaya a kan babi na biyu, ta fara amsawa da zumuɗi, sai na ukunsu ya katse ta, ya ce shi babi na huɗu ne ya taɓa masa zuciya. Daga nan har aka tashi ba a sake komawa kan waƙoƙin ba.

Ta ci, da yabo. Dakta Christy ta rungume ta a baranda, ta ce akwai taron malamai a bazara mai zuwa, kuma ta riga ta ba da sunanta don ta gabatar da babi na huɗu.

"Sauran ukun fa?" Ruwaida ta tambaya.

"Suna da kyau ƙwarai. Amma kin san lokacin taro kaɗan ne."

Liyatu tana jiranta a wurin ajiye motoci, da kular dafa-duka a kujerar baya.

"Yaya? An ci?"

"An ci."

"To, wannan fuskar fa?"

Ruwaida ta jefa kundin a baya, ta shiga ta ja ƙofa ta rufe.

"Don Allah mu tafi kawai," ta ce. "Yunwa nake ji."